Yatsan Maginiya

Kai Nafi'u, wannan ma tambaya ce? Ka yi boko har gemu ya fito maka, sannan ka zo ka tsare tsohuwar da ko alif ba ta sani ba. Da bakinka ka ce a wurin aikinku akwai na'ura mai allura, tsininta ya fi gashin jariri siranta nesa ba kusa ba, ba ta da ido, sai dai ta bi bayan abu tana shafawa layi-layi, ta zana muku tudu da kwarin abin da ido bai taɓa gani ba. Yanzu kuma wai in gaya maka ko abin da aka shafa aka ji zai iya zama ƙarya. Ni ban san allurarku ba, ban kuma ce ina son sani ba. Gyara zama, maigidan da ba ya cefane.

An yi wata maginiyar tukwane da ta tsufa, yanar ido ta rufe mata gani, ginin ya koma hannun matar ɗanta. Abu ɗaya ne ba ta saki ba: ba a kai tukunya wuta sai ta shafa ta. Da hantsi takan zauna gindin tsamiya, a ɗora mata ɗanyar randa a cinya, ta sa ɗan yatsa guda ta fara bi daga baki, a hankali, kamar mai tsoron tada barci. Da zarar yatsan ya sauka, sai randar ta buɗe mata ta zama ƙasa guda. Ta hau jigawa, ta gangara fadama, ta ratsa busasshen rafin da tsinken ado ya bari, ta tsaya gaban ƙwayar yashi ɗaya da ta yi mata girman dutse. Wani lokaci har iskar wurin take ji a fuskarta. Ba ta dawowa sai ta kai gindi. In ta ce lafiya, randar za ta shekara tana sanyaya ruwa. In ta ce da tsaga, a farfasa a mayar ramin yumɓu. Ba a taɓa yi mata musu ba, ita ma ba ta taɓa yi wa kanta ba.

Ana nan, damina ta gabato, saura gashin tukwane sau ɗaya kafin ruwa ya hana, kuma da shi gidan zai ci har kaka. Aka jera mata aikin rani gaba ɗaya. Ta shiga randar farko, tana cikin tafiyarta sai ta yi tuntuɓe da wata 'yar tsaga, siririya, mai ƙugiya a ƙarshe. Ta ce a fasa. Ta shiga tulu, ga ta nan. Ta shiga kasko, ga ta nan dai, da ƙugiyarta. Surukar ta durƙusa ta ce, "Inna, wallahi ban ga komai ba." Tsohuwa ta ce, "Da ido na gani, ai da ba a ajiye ni a nan ba. Hannunki ne ya mutu, 'yar nan." Yarinya ta yi ta ɗauka tana fasawa, tana share hawaye da gefen zane, har tsakar gida ta yi fili. Da azahar tsohuwa ta laluba akurki ta ɗauko ƙwai, ta shafa shi don sabo. Ga tsagar. Ta ce a ranta, kaza ma ta koyi sakaci? Ta shafa ƙwarya, ta shafa kuncinta, duk inda ta bi tsagar na gabanta. Sai ta kai yatsan bakinta, ta taɓa shi da harshe. Fatar ce ta dare ta bushe, ta yi ɗan ƙaho kamar ƙaya. Ta buɗe baki za ta kira surukar ke nan, sai ta ji ƙamshin ƙasa, ɗigon farko ya faɗo mata a bayan hannu. Tana zaune tana jin ruwa yana sauka cikin ramin yumɓu, kan tukwanen da ba su da laifin komai.

Shi ya sa Hausawa suka ce laifi tudu ne, sai ka taka naka ka hango na wani.

Ku kuma yaran nan da kuka zagaye ni da baki buɗe, wa ya kira ku? Ku tashi ku wanke ƙafa, kowa ya nemi tabarmarsa.