Manta-uwa a Bakin Ƙofar Kamfani

Manta-uwa furen da ke fitowa a jikin giginya ne. Da can, idan za a yaye yaro, sai mu daka saiwarsa mu zuba ɗan kaɗan a kunu, ya daina kukan nono. Iyakarsa ke nan.

Yanzu kamfani ya tace shi ya mai da shi allura. Doka ta ce duk ma'aikacin gonar wutar lantarki ta hasken rana sai an yi masa, wai kada kewar gida ta hana aiki. Mu kuwa in muka tsinka, ɗauri.

Yau na kai wa ɗana Tanimu dakuwa, can gonar da yake aiki. Maigadi ya tare ni.

"Iya, ba a ziyara."

"Ni na haife shi! Wane ɗan iska ne zai hana ni?"

Na yi ta masifa har aka fito da shi. Ya yi ƙiba, ya yi fes. Ya durƙusa har ƙasa, yadda na koya masa.

"Sannu, Hajiya," in ji shi. "Wa kike nema? Bari in kira miki shi."