Jitar da Ba a Yi wa Fenti Ba

Jitar ta sake yin gurnani. In Sirajo ya ɗora yatsa kan wayoyinta sai ta yi shiru, yana ɗaukewa ta ci gaba, kamar kare ya ga baƙo. Ya ja tsaki, ya mai da ƙarfen narka dalma cikin garwashi.

Gurnanin jita dai yana da magani. Shirun Inna ne ya rasa yadda zai yi da shi. Tun da ya dawo Birnin Kebbi, shekarar da aka ba su jiha, Inna Hodi ba ta kira sunansa ba. Yana Ikko yana kaɗa jita a otal-otal mahaifinsu, Malam Usmanu, ya kwanta ciwo, ya rasu, aka rufe shi, Sirajo bai zo ba. Yanzu yanar ido ta rufe mata gani, da taku da hannu take gane mutane. In ya durƙusa gaishe ta, bango take amsa wa.

Akwai wata waƙa da take yi masa yana goye a bayanta. Ya ƙudurta cewa ranar da ta ji ta daga yatsunsa za ta kira shi. Sai dai jitar da ya taho da ita ta dare a bayan mota, wuya da wayoyi kaɗai suka tsira. Shi ya sa ya shiga sassaƙa mata sabon jiki, wannan da ke gurnani yanzu.

Da farko samun katako ya yi wuya. Gine-ginen sababbin ma'aikata a unguwar Gesse sun cinye duk wani busasshe. Ya je Argungu wurin masu sassaƙa jirgi, ya leƙa Gulma, duk ɗanye ne, ɗanye kuma murɗewa yake yi ya karkatar da wuyan jita.

Wansa Maliki bai taɓa tambayarsa abin da yake nema ba. Shi ya yi jinyar Malam, shi ya tsaya kan komai har makabarta, kuma tun dawowar Sirajo bai haɗa ido da shi ba. Sai ga shi wata hantsi da katako a kafaɗa. Ya jingina shi a zaure.

"Maɗaci ne. Ya daɗe da bushewa."

"Yaya, ina ka samo wanga?"

"Cikin gida yake. Babu mai aiki da shi yanzu."

Katakon ya kai tsawon mutum, sumul, fuska ɗaya ta ɗan koɗe kamar ta sha ruwa. A gefensa an sassaƙa wani siririn kwari, daidai inda Sirajo zai binne wayoyin wuta. Ya yi dariya, ya ce kamar don shi aka yi. Da zarto ya shiga, ƙamshin kafur ya cika zauren. Ya ce shi ya sa gara ba ta taɓa shi ba.

Ya yanke, ya goge, ya ɗaura wuya. Ya warware jar waya daga tsohuwar fanka, ya naɗa ta a kan maganaɗisun lasifika don ta ɗauki sautin. Zuhura, matar Maliki, ta shigo da tsintsiya, ta ga guntayen katakon a ƙasa, ta tsaya cak. Ta dubi mijinta. Ya dube ta. Ta koma ciki ba ta share ba.

Sirajo ya sayo jan fenti, irin na jitocin Ikko. Maliki ya sa ƙafa ya ture gwangwanin gefe.

"Kar ka rufe shi. Inna ba ta gani. Bar ta ta ji aikinka da hannunta."

Sirajo ya sunkuyar da kai, idonsa ya ciko. Ashe dai yana da ɗan'uwa.

Yanzu gurnanin nan ne kaɗai ya rage. Ya bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya har ya gano wadda ya kamata ta haɗu da ƙarfen da ke riƙe gindin wayoyin kiɗa, ta sake. Ya ɗiga mata dalma. Ya kunna. Shiru, tsaf.

Bayan la'asar ya kai amfilifaya, akwatin ƙara sauti, ƙofar ɗakin Inna, ya rage murya, ya fara. Sautin ya fito zagaye, mai nauyi, irin wanda bai taɓa samu a wata jita ba. Inna ta daina jan carbi. Leɓunanta suka soma bin waƙar. Zuhura ta shige madafa ta rufe ƙofa. Maliki yana tsaye jikin bango, hannu a harɗe.

"Sirajo," in ji Inna.

Yatsunsa suka kuskure waya.

"Sirajo, ɗana. Kawo in ji abin nan."

Ya rarrafa ya ɗora mata a cinya. Tafinta ya bi fuskar katakon tana murmushi. Ya gangara gefe, ya faɗa cikin siririn kwarin, ya tsaya. Ta sake bi. Ta ɗaga jitar ta kai hanci. Sannan ta miƙa hannu ƙarƙashin gadonta ta laluba, ta laluba, babu komai sai ƙura.

"Wa ya ba ka?"

Sirajo ya waiwaya wajen wansa.

"Na tarar ya riga ya sa zarto, Inna," in ji Maliki a hankali. "Ban so in ɗaga miki hankali."

Ta ture jitar daga cinyarta, ta faɗi ƙasa, lasifika ta yi wata doguwar ƙara. Inna ta jira har ta mutu, ta juya fuskarta ga bango.

"Tashi, kada in sake jin takunka cikin gidan ga. Ba ka zo ka wanke ubanka ba, sai ka zo ka yanke katakon da aka yi masa wanka a kai, wanda na aje don ranar tawa."