Littafin Mai Bishara

Da fasto ya buɗe littafin, tsohon ya jawo kujera yana leƙe.

"Ɗana, ranar da aka kashe mai bisharar da ya zo mana, kowa ya ranta a na kare. Ni kaɗai na koma ɗakinsa na ɗauko wannan. Kwana tara waɗanda suka kashe shi suna dukana, ban faɗi inda yake ba!"

Shekara talatin da aka hana sujada, shi ke buɗe wa jama'a littafin a ɗakin girki, yana jan yatsa kan layi, yana maimaita abin da ya ji a bakin marigayin. Ko harafi bai sani ba. Yau so yake ya ga inda aka ce a ƙaunaci maƙiyi.

Fasto ya yi ta juya shafi.

"Baba, ai wannan na gyaran famfo ne."

Tsohon ya ɗago kai.

"To abin da na koya muku fa? Ƙarya ne?"

"Na duba a littafin na ainihi a makaranta. Ko kalma ba ka sauya ba."

Tsohon ya tuntsire da dariya yana nuna kansa.

"Wawaye! Littafin na hannunsu, suna jibgarsa suna tambayarsa ina littafi!"