Gishirin Baba Shekari

Baba Shekari da matarsa Rebecca su biyu kacal suka rage a gidansu na Kakuri. Ɗansu Ishaya yana Legas, sai Kirsimeti ake ganin ƙeyarsa. Shekara ashirin Baba ya yi a sashen rini na masaƙa, inda ake juye gishiri buhu-buhu don launi ya kama zane. Ya yi ritaya, amma bakinsa bai yi ba. Kowa a layinmu ya sha labarin gishirin nan har ya ƙoshi.

A daminar da sojoji suka koma bariki, gudawa ta kama Rebecca. Kwana biyu tana zarya, har idanunta suka faɗa.

"Baban Ishaya, kai ni asibiti mana."

"Asibitin me? Ruwan gishiri da sukari ne, rediyo ya faɗa. Ni za a koya wa gishiri?"

Ya ɗebo gishiri cike da hannu ya dama a kwano. Ta kurɓa, ta yamutsa fuska.

"Wannan ko maƙiyinka ba za ka ba shi ba."

"Shanye, Mama. In bai yi ƙarfi ba, ba ya kamawa."

Ta shanye, don ba ta saba musa masa ba. Ya ƙara dama wani, da wani. Kafin la'asar tana kiransa da sunan ƙanenta da ya daɗe da rasuwa. Sai jijjiga.

A asibiti likita ta zaunar da shi. "Baba, ka ga yadda albasa take tsatso ruwa in an barbaɗa mata gishiri? Jikinmu ƙananan ƙwayoyi ne, kowace da 'yar fatarta. In gishiri ya yi yawa a jini, sai ya zuƙe ruwan cikinsu, har na ƙwaƙwalwa. Ruwan da ake haɗawa bai kamata ya fi hawaye gishiri ba."

Rebecca ba ta dawo gida ba.

Ishaya ya zo jana'iza, ya yi mako guda ya koma. Yanzu Baba yana zama a ƙofar gida, kujerarta a gefensa. Mai yawan surutun nan, ko gaisuwa da kai yake amsawa. Tun daga ranar ban sake jin kalmar gishiri a bakinsa ba.

Jama'a, jikin mutum ba zane ba ne. Rabin ƙaramin cokali na gishiri, shida na sukari, a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, kada ku ƙara. Kuma in mara lafiya ya ce a kai shi asibiti, ku kai shi.