Tayar da Ke Ƙarƙashin Ɗorawa

Diga ta shiga ƙasa kamar tana shiga tuwo. Hulda ta ji daɗi, ta ɗauka ruwan shekaranjiya ne ya tausasa wurin.

Gonar citta ce ake rigima a kanta, a bayan Kafanchan. Maƙwabcinta Kumai ya ce rabin gonar nasa ne. Turakun iyaka kuwa gara ta daɗe da cinye su, don garar wajen ko ƙotar fartanya aka manta a gona sai ta yi kalaci da ita.

Amma Yafet, marigayi mijin Hulda, ya san halin gara. Shekara talatin da suka wuce ya binne tsohuwar tayar babur a gindin ɗorawa don shaidar iyaka, ya ce gara ta gwada haƙorinta a kan roba ta gani. Hulda ta riƙe wannan sirri gam. Sai da rigima ta yi zafi ta faɗa wa ɗanta Asher a waya, shi da kullum yake roƙonta ta bar noma ta bi shi Abuja. Ya baro ofis tun kwana uku kafin ranar shari'a, don ya tsaya wa uwarsa.

Ga shi nan tsaye da farar riga, hannu a aljihu, matasa suna tono a gaban dagaci. Rami ya kai gwiwa, ya kai ƙugu. Babu komai.

"Maman Asher, kin tsufa, kin manta," in ji Kumai. "A gwada can, kusa da dutse."

Dutsen kuwa taku arba'in ne cikin gonarta. Sara biyar aka yi, taya ta fito, baƙa ƙirin, gara ba ta ko lashe ta ba. Ita ce kuwa, Hulda ta gane ta. Dagaci ya yanke hukunci nan take, ya ba Kumai gaskiya.

Hulda ta zauna a kan kunyar gona. Har ta fara zargin ƙwaƙwalwarta.

"Mama, ya isa. Ki bar ma Yesu," in ji Asher. "Tashi mu tafi gida."

Ya miƙo hannu, ta kama da nata biyu. Tafin da ya shekara goma bai riƙe komai ba sai biro, duk ya yi bororon ƙotar diga, har ya fara bushewa.