Baturen Kan Dutse

Mailafiya ya ajiye ƙwaryar gero a ƙofar Zinariya, tsohuwar makauniya, ya juya a hankali yadda za a gan shi sosai daga kan dutse.

A can sama Baturen mishan yana zaune a kujerarsa, da farar hula da kwat, fuskarsa tana duban ƙauyen.

Shekara biyu ke nan da Mailafiya ya bar tsafin kakanninsa ya karɓi Almasihu, a wani ƙauyen Maguzawa kudu da Dutse. Bana Bature ya ce zai naɗa mai kula da ɗakin magani, da kakinsa da kekensa. A wa'azinsa na ƙarshe kuwa ya ce Yesu bai yarda da masu sadaka don a gani ba, a yi ta a ɓoye.

Mailafiya ya kama ɓoyewa gadan-gadan. Sai dai ya zaɓi ɓuyar da ake hangowa daga sama.

Tun ranar Bature bai sauko ba. Isah, kukunsa, ya tare hanya, ya ce maigida ya shiga addu'ar kwana arba'in, kada wanda ya hau.

Gero ya ƙare, Mailafiya ya koma kan dawa. Dawa ta ƙare, ya taɓa iri.

"Malam, me za mu shuka?" in ji matarsa Iyatu.

"Yi shiru, yana kallo."

"Ya taɓa ɗaga maka hannu?"

"Manya ba sa ɗaga hannu."

Zinariya dai ta yi ƙiba, kullum tana sa wa bawan Allahn da ba ta sani ba albarka. Mailafiya ba ya tsayawa ji, ba albarkarta yake nema ba.

Ran kwana talatin da takwas, ya ajiye ƙwaryar ƙarshe ke nan, sai ya ji takun doki a hanyar Kano. Wani ramamme ya sauko da ƙyar, ashe Bature ne.

"Sannu, Mailafiya," in ji Bature. "Zazzaɓi ya kusa kashe ni. Wata guda da mako ina kwance a Kano."

Mailafiya ya waiwaya kan dutse da sauri. Baturen kan dutse yana nan zaune da hularsa, akuyar Isah tana zaro harawa daga hannun kwat ɗinsa tana ci.