Ogan Kamalu

Minti goma cif injin ban ruwan Malam Bala yake yi yana ruri kamar zai shanye rijiyar. Daga nan sai muryarsa ta shaƙe, ruwan tiyo ya koma kamar na buta, ya yi tari biyu ya mutu. Malam Bala ya buɗe tanki ya leƙa, mai yana nan. Ya rufe, ya ja igiya, inji ya tashi garau kamar ba shi ba. Bayan minti goma a koma gidan jiya.

Kwana uku ke nan ana wannan wasa. Tumatirin da ya shuka a fadamar Gafasa ya fara fure, ga rana kamar ta dafa ƙwai. Ganye duk ya langaɓe. In aka ƙara kwana biyu haka, wahalar wata biyu ta tafi a banza.

Da safe yana kurɓar koko a tsaitsaye, matarsa Hure, wadda tun haihuwar 'yarsu ta fari yake kira Maman Afra'u, ta dube shi.

"Malam, da ka zauna ka gaya min yadda injin yake yi."

"In gaya miki ki yi masa me? Ki dama masa koko?"

Hure ta yi murmushi ta ci gaba da fifita wuta. Da zai fita ta ce akwai wani makaniki a garinsu Gaya, Kamalu, ya gwada kiransa.

Da hantsi Kamalu ya iso a babur da jakar sifanu. Mutum ne mai gemu da tabon baƙin mai har gwiwar hannu, ga shi ba ya gaggawa. Ya cire fulogi, ya kankare shi, ya mayar. Inji ya yi minti goma ya mutu. Ya wanke matatar iska. Minti goma. Ya kwance kafireto ɗaiɗai a kan buhu, ya wanke da fetur, ya hura kowace kafa da baki, ya ɗaure. Wannan karon injin ya yi musu kara, ya kai minti goma sha ɗaya.

Malam Bala ya cire hula ya share gumi. Ya fara zargin maƙwabcinsa na gona da baki, ya tuna mutumin ya tafi Umara.

Kamalu ya zauna a kan kunya ya daɗe yana kallon injin. Can ya ce, "Bari in kira Oga."

"Kai ma kana da oga?"

"Kowa da gabansa, Malam."

Ya koma gindin mangwaro ya kira. Malam Bala ya ga ƙaton mutum yana rusunawa yana gaida waya. "Ranku ya daɗe, na yi duk abin da na sani. E, fulogi lafiya. E, na wanke." Ya dawo ya tayar da injin, ya kara wayar kusa da shi, suka tsaya jira. Da ƙarar ta fara shaƙewa, ya mayar da wayar kunne.

"Sun ce a sassauta murfin tanki. Yanzu, kafin ya mutu."

Malam Bala ya murɗa. Tankin ya ja iska, fuuu, kamar wanda aka daɗe da toshe wa baki. Nan take injin ya ware murya, ruwa ya yi tsalle daga tiyo ya jiƙa masa wando har cinya.

Kamalu ya saurara, ya danne dariya. "Sun ce in tambaye ka, wa ya toshe masa hanci?"

Kamalu ya cire murfin ya juya shi. A tsakiyarsa akwai ɗigon baƙar roba, ya kankare da farce, sai ga 'yar huda kamar ta allura. Ya yi bayani: ta nan iska ke shiga tanki yayin da mai ke sauka. In ta toshe, mai ya daina gangarowa, inji ya ji yunwa alhali tulunsa cike yake.

Ranar Asabar Malam Bala da kansa ya ga hudar, ya ce ashe ta nan fetur ɗinsa ke gudu da tsadar nan. Ya ɗauki murfin ya shiga gida, ya ƙona leda a bakin murhu ya ɗiga a kai, yana yaba wa kansa wayo. Babu namijin da ya gan shi. To ta yaya wani mutum daga wata uwa duniya ya san wannan ta waya?

Ruwa ya bi kunya-kunya, ƙasa tana sha tana huci. Minti ashirin, rabin awa, injin ko gezau.

"Kamalu, wannan ogan naka ba ƙaramin mutum ba ne. A Kano yake?"

"A'a, nan kusa suke. A garejin mahaifinsu na koyi aiki. Su suka fara riƙa min sifana. Suna shekara goma sha biyu suke kwance kafireto su ɗaure."

"Ɗan gado ke nan! Ba ni lambarsa. Wallahi kwandon tumatir na farko nasa ne, kuma da bakina zan gode masa. Irin waɗannan mazan ake nema a ƙasar nan."

Kamalu ya sosa ƙeya. "Anya, Malam?"

"Karanto min, mana!"

Kamalu ya fara karantowa a hankali, yana kallon gefe. Malam Bala yana dannawa da jiƙaƙƙen yatsa, yana gyara murya irin ta gaida manya. Saura lamba uku ya gama, wayar ta riga shi, ta fito masa da sunan da ya ajiye da hannunsa: Maman Afra'u.